Farashin da Ke Makara

Zuwa ga Uwata,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kina lafiya, ke da mutanen gidan da kike zaune. Mu nan sai godiya. Bayana dai yana nan yadda kika san shi, in na daɗe a kan sitiyari sai in sauko kamar an ninke ni biyu. Kunnen kuwa ya ƙara tafiya. Shekara ashirin da shida ina zaune a kan inji, ai dole ya ci rabonsa. Shi ya sa kike ganin takarda. In kin kira ni, ke kina ihu ni ina "na'am?" har kati ya ƙare ba a faɗi komai ba. Dogo, abokin aikina da ke bin hanyarku duk mako, shi zai riƙa kawo miki wasiƙa, ki riƙa ba shi amsa.

Mahaifiyarki ta gaya mini kin sami aiki a kamfanin nan da ke sa kuɗin dako a waya. Na ce da ita, wato yarinyar da ke hawa tirelata tana murza sitiyari da baki, yanzu ita ke gaya wa direbobi nawa za su karɓa? Allah ya sa albarka.

To ga abin da ya sa na ɗauki biro. Ina tashar manyan motoci da ke bayan sitocin taki. Akwai lodin tan talatin zuwa garin tsallaken gada, tafiyar kwana biyu in hanya ta yi kyau. Ɗan kamashon da ke haɗa mu da masu kaya, wanda muke kira Sai-Gobe saboda ba ya taɓa biya a ranar da ya faɗa, ya ce dubu ɗari bakwai. Dogo ya buɗe mini wayarsa, sai ga kamfaninku ya rubuta dubu ɗari tara da hamsin a kan wannan hanyar dai. Na nuna wa Sai-Gobe. Ya ce, "To ka je wayar ta loda maka."

Uwata, dizal kaɗai yana cin fiye da rabin ɗari bakwai. Tayoyina biyu na baya sun yi santsi kamar tafin hannu. In na karɓi abin da ya faɗa, motar ce za ta yi aiki, ni rakiya kawai na yi mata. Ki gaya mini tsakaninki da Allah, wa ke faɗin gaskiya, shi ko ku?

Kawunki.

*

Kawuna,

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fata wannan ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Ni lafiyata lau, sai ɗan ciwon ido saboda kallon kwamfuta daga safe zuwa yamma. Maganin bayan da likita ya rubuta maka, na san yana cikin aljihun ƙofar mota ba ka taɓa shi ba. Kada ka musa.

Umma ta ƙara gishiri, Kawu. Ba ni nake yanke farashi ba. Mu shida ne a wani ɗaki mai taga ɗaya, kowa da teburinsa. Kamfanonin sufuri suna turo mana rasit na tafiye-tafiyen da motocinsu suka yi, ni kuma in shigar: daga ina, zuwa ina, tan nawa, nawa aka biya. Na'ura ta haɗa su duka ta fitar da matsakaici. Shi ne lambar da Kawu Dogo ya nuna maka.

Na duba hanyarka da kaina. Dubu ɗari tara da hamsin ɗin nan daga rasit na gaske ta fito, wasu ma da hannuna na shigar da su. Babu wanda ya zauna ya ƙirƙiro ta. Lambarmu ba ta ƙarya, Kawu, sai dai tana makara. Ka riƙe wannan a ranka in za ka yi ciniki.

Raina ya ɓaci da maganar da mutumin nan ya gaya maka. Mutum da furfurarsa a ce masa waya ta loda masa! Don irinsu aka yi aikin nan namu, don direba ya daina shiga ciniki ido a rufe.

Ga Kawu Dogo can yana ta danna mini oda a bakin titi, dole in tsaya nan. Ka gaida Inna da yara.

'Yarka.

*

Uwata,

Gaisuwa da fatan alheri. Lafiya lau muke. Maganin na fara sha, kada ki kai ƙarata.

Wasiƙarki ta zo ranar Litinin, kuma ba ni kaɗai na karanta ta ba. Da rana muna zaune a inuwar tirela, mu goma sha ɗaya, kowa yana ƙorafin Sai-Gobe. Na ce ku saurara, 'yata ce ke aiki a inda ake yin lambar nan. Na karanta musu wurin da kika ce ba ta ƙarya sai dai tana makara. Na karanta sau biyu. Na ce kun ji dai, kuɗin na nan tafe, jinkiri kawai yake yi. In muka haƙura muka ƙi lodi, zai iso ya same mu.

Wani ya ce, "In masu motocinmu suka tambaya fa?" Don kin san ni kaɗai ne a cikinsu nake tuƙa tawa, sauran duk na mutane suke ja. Dogo ne ya ba shi amsa. Ya ce, "Shekara goma sha tara na san mutumin nan, bai taɓa sa ni a rami ba. In ya tsaya, na tsaya." Ya zare makullinsa ya sa a aljihu. Mutum tara muka yi alkawari ba mai ɗaukar buhu ɗaya ƙasa da ɗari tara.

Da kin ga fuskar Sai-Gobe! Ya zo da hularsa a karkace yana cewa, "Haba manya, me ya yi zafi?" Na ce babu zafi, hutawa muke yi. Jiya ya ƙara dubu ashirin. Muka yi masa dariya. Yau kwana huɗu ke nan, taki yana jibge a sito har bakin ƙofa, masu kaya suna ta kiransa a waya yana zufa.

Ban taɓa jin daɗin zama ba aiki irin wannan ba. Shekaru ana faɗa mana farashi muna cewa to. Yau mu ma muna da abin nunawa.

Da yake Dogo yana tsaye, wannan ta hannun wani direban bas za ta zo miki, mai bas shuɗiya da ke tsayawa kusa da ofishinku. Ki ba shi amsa. Abu ɗaya nake so ki gaya mini: makarar nan, kwana nawa takan ɗauka?

Kawunki.

*

Kawu,

Ina gaisuwa.

Ba abin da nake nufi ke nan ba. Don Allah ka karanta wannan a hankali. Da na ce lambar tana makara, ba cewa nake kuɗin yana tafe ba. Cewa nake labarin da take bayarwa tsoho ne. Rasit ɗin da muke shigarwa yau na tafiyar da aka yi mako huɗu ne, wani ma shida, da suka wuce. Ɗari tara da hamsin kuɗin lokacin da motoci suka yi ƙaranci ne. Lambar ba ta san abin da ke faruwa yau a tasharku ba, balle gobe. Baya take kallo, Kawu, ba gaba ba.

Laifina ne. Na rubuta cikin sauri, na ga jimlar ta yi mini daɗi a baki, ban tsaya na yi bayani ba.

In ya tsaya a ɗari bakwai da ashirin, ku karɓa. Ka gaya wa sauran yau ɗin nan. Na tura maka saƙo uku a waya ko da na san ba ka buɗe su. Ba ni da lambar wayar Kawu Dogo. Zan kira ka da an tashi cin abinci, ka sa wayar a kunnen hagu.

'Yarka.

*

Uwata,

Gaisuwa. Ina fata lafiya ce ta sa shiru. Ni jikina da sauƙi, sai dai abinci ba ya shiga sosai.

Yau kwana goma sha biyu. Kullum ina zuwa bakin titi in duba bas shuɗiya, ba ta ba alamarta. Abin da nake riƙe da shi kawai kiran da kika yi mini ranar Juma'a. Ana ta tayar da inji kusa da ni, ban ji komai ba sai ƙarshen maganarki, inda kika ce "ku jira." Kin faɗa har sau uku. Na koma na gaya musu, 'yata ta ce mu jira. Muka jira.

Ranar Asabar motoci suka fara shigowa daga wasu garuruwa. Sun sauke kaya a nan kusa, za su koma babu komai, don haka ko nawa aka ba su riba ce. Sai-Gobe ya ba su ɗari shida da hamsin, suka karɓa suna godiya. Muna zaune muna kallo ana loda takin da muka yi kwana shida muna gadi. Mota goma sha huɗu na ƙirga. Bai ko kalli inda muke ba.

Mutanenmu suka fara zamewa. Ba wanda ya zo ya ce mini ya fasa. Sai dai in waiwaya in ga gurbin motar mutum babu kowa, sai tabon mai a ƙasa. Yanzu saura mu uku.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne na Dogo. Shekaranjiya mai motarsa ya zo da kansa, da wani sabon direba a bayansa. A gaban kowa ya miƙa hannu ya ce, "Makulli." Dogo ya ce, "Ranka ya daɗe, farashin na nan zuwa, ga shi a waya." Mutumin ya ce, "Na saya maka mota don ka karanta waya?" Dogo ya hau ya sauko da tabarmarsa da butarsa da jakar kayansa. Shekara bakwai yana jan motar nan, ko madubi bai taɓa fasawa ba. Yana da 'ya'ya biyar, babbar tana shekarar ƙarshe a makaranta.

Yanzu a ƙarƙashin motata yake shimfiɗa. Da ma ya zage ni.

Na sa an sake buɗe wayar da safen nan. Har yanzu ɗari tara da hamsin take cewa. Uwata, ni ban yi karatu mai zurfi ba, ke kika yi. In akwai abin da kika sani ki faɗa mini. In kuma manyanku sun hana ki magana ne, ki ce sun hana, zan gane. Shirun ne ba na ganewa.

Wannan ta hannun mai tankar mai za ta zo.

Kawunki.

*

Kawuna,

Ina gaishe ka, ina kuma gaida Kawu Dogo in zai karɓi gaisuwata. Ka ce abinci ba ya shiga. Don Allah ko shayi da burodi ne ka riƙa sa wa cikinka, maganin nan ba a shan sa haka.

Na karanta wasiƙarka a tsaye a bakin ƙofar ofis, na kasa komawa ciki. "Kada ku jira" na ce, Kawu. Sau uku na ce kada. Har abokan aikina suka leƙo suna tambaya da wa nake faɗa. Da na ji ka ce "to, to, madalla," na ɗauka ka ji. Kuma tun ranar na rubuta maka komai na ba mai bas shuɗiya. Jiya na bi sawunsa har garejinsu. Ashe bas ɗin ta lalace, tana wurin makanike kwana tara, takardata tana cikin akwatin gaban mota. Na karɓo ta. Ga ta nan na haɗa da wannan, ka ga ban yi shiru ba. Na san ba ta da amfani yanzu.

Na shiga wurin shugabanmu. Ban taɓa shiga ofishinsa ba sai ranar da aka ɗauke ni. Na gaya masa komai, har zancen makullin. Ba mugun mutum ba ne, ya saurara har ƙarshe. Sai ya juyo da kwamfutarsa ya nuna mini wani ɗan rubutu a ƙasan shafin, ƙanana kamar ƙwayar gero, wai wannan ƙiyasi ne, farashi na iya bambanta. Ya ce, "Mun faɗa." Na ce, ranka ya daɗe, wa zai ga wannan a wayar da gilashinta ya tsage, a tsakiyar rana? Na roƙe shi a riƙa rubuta kwanan watan rasit ɗin da manyan baƙaƙe kusa da lambar. Ya ce shawara ce mai kyau, zai kai ta taron wata mai zuwa.

Ya kuma gaya mini abin da ni kaina ban sani ba. Kusan duk rasit ɗin hanyarku daga manyan kamfanoni uku suke zuwa, masu yarjejeniyar shekara da masu kaya. Su ba sa bi ta hannun ɗan kamasho. Wato ko a lokacin da ake biyan ɗari tara da hamsin, ba irinku ake biya ba. Wata biyar ina shigar da lambobin nan, ban taɓa tambayar na su wane ne ba.

Na ce to yaya za a gyara? Ya ce sai direbobi masu zaman kansu sun riƙa turo nasu rasit. In babu naku a ciki, lambar ba za ta taɓa sanin ku ba. Don haka in ka yi lodi, ko nawa ne, ka turo mini takardar. Abin da ke hannuna ke nan. Na duba ko akwai wani abu, babu.

Ka sani kuma, ranar Litinin za a sabunta lambar. Na ga abin da ke shigowa. Za ta faɗi sosai.

Ka yafe mini, Kawu.

'Yarka.

*

Uwata,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina cin abinci, ki kwantar da hankalinki.

Takardunki biyu sun zo tare. Na karanta ta farko, na ɗauko tsohuwar wasiƙarki na sake duba layin nan na makara. Yadda kika faɗa haka yake a rubuce. Ni ne na karanta abin da nake so in ji. Babu zancen yafiya tsakanina da ke. Yarinya ta faɗi magana, tsoho ya ɗora mata kaya, ya kuma tara mutane ya yi musu wa'azi da ita.

Na karanta wa Dogo. Ya ce, "Ashe kada ta ce." Ya yi 'yar dariya, irin wadda ba ta kai ido. Shi ke nan abin da ya faɗa.

Ranar Litinin lambar ta sauko ɗari shida da tamanin, kamar yadda kika ce. Kin san wa ya fara nuna mini? Sai-Gobe. Ya zo har inda nake da wayarsa a hannu, ya ce, "Babba, ga malamarku ta yi magana. Ɗari shida da tamanin, a cire kamashona, a cire na masu lodi." Mutumin da ya ce waya ta loda mini, yanzu ya fi kowa imani da ita. In ta hau, ƙarya ce. In ta sauka, ita ce alƙali.

Na ɗauka a ɗari shida da ashirin. Kwana goma sha bakwai na zauna don in ƙi ɗari bakwai.

Na ce da Dogo ya zo mu tafi tare, mu riƙa karɓar juna a tuƙi. Ya san ba na bukatar mataimaki a tafiyar kwana biyu, ni ma na san ya sani. Ya hau dai. Mun je mun dawo, tayar baya ɗaya ta fashe a hanyar dawowa, abin da ya rage muka raba biyu. Nasa bai kai abin da yakan samu a yini ɗaya ba. Ya karɓa ya ce an gode. Wannan "an gode" ɗin ta fi mini zagi ciwo. Na je wurin mai motarsa sau biyu, ya ce a gaya mini ba ya nan, alhali ina hango takalmansa a bakin ƙofa.

Ga rasit ɗin nan a ciki. Na daɗe ina juya shi kafin in sa. In kika shigar da shi, lambar za ta ƙara sauka, gobe Sai-Gobe ya nuna wa wani direba ya ce ga abin da ake biya, kuma da hannuna na taimaka masa. In ba ki shigar ba, lambar ta ci gaba da faɗin kuɗin manyan kamfanoni, wani wawan irina ya kashe mota ya zauna jira. Na tambayi Dogo, ya ce shi yanzu ba shi da ra'ayi a kan komai. Ni ma ban san wanne ne daidai ba. Ki yi abin da kika gani.

Ki gaida mahaifiyarki in kun yi waya. Kada ki ba ta labarin nan, za ta ce na jawo miki magana a wurin aiki.

Kawunki.

*

Kawuna,

Ina gaisuwa, ina fata bayan ya lafa bayan tafiyar. Ni lafiya lau.

Rasit ɗinka ya kwana uku a cikin aljihun teburina. Kullum in buɗe in kalle shi in mayar. Akwai shatin babban yatsanka a gefensa, da baƙin mai.

Ranar Alhamis na shigar da shi. Na yi tunanin wanda zai buɗe waya a wata tasha, ya yanke shawara a kan abin da ya gani. Gara ya ga abin da zai ɓata masa rai da ya ga abin da zai zaunar da shi. Ban tabbata na yi daidai ba. Na shigar dai.

Lambar ta sauka da dubu biyu. Kwana goma sha bakwai naka, da motar Kawu Dogo, dubu biyu suka motsa ta. Wadda ke zaune kusa da ni ba ta ma lura ba.

An ɗage taron da shugabanmu ya ce zai kai maganata zuwa wani watan.

Na tambayi direban da ke kawo mana takardu ko kamfaninsu na neman mai tuƙa babbar mota. Ya ce suna ɗauka, amma ba sa ɗaukar wanda ya haura arba'in da biyar. Ban san shekarun Kawu Dogo ba, amma na ga furfurarsa.

Na fara rubuta masa wasiƙa sau uku, duka na yaga. Duk abin da na rubuta sai ya fito kamar ina wanke kaina. Ka gaishe shi kawai, Kawu. Ka tsaya ta inda za ka ga bakinsa, ka ce 'yarka tana gaishe shi. In bai amsa ba, kada ka gaya mini.

'Yarka.